Me ya haɗa littafinki da ƙa'idojin laburaren duniya?

Malama ta turo tambaya cewa ta buga littafinta na farko, sai aka ce mata ta nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma ta kai kwafi uku Laburaren Ƙasa na Najeriya, wani kuma ya ƙara mata da cewa wai wannan tsari ne na duniya baki ɗaya, ana so kowace ƙasa ta riƙa fitar da jerin littattafanta a kan ƙa'ida ɗaya. Tana so ta san gaskiya ne ko kuwa wata hanya ce ta tatsar marubuta, kuma ma meye amfaninsa tunda yanzu kowa da Google a wayarsa.

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya albarka a littafin ya sa a karanta. Ni aikina kenan, katalog, rubuta bayanin kowane littafi da jera shi, wato ni ne mutumin nan da yake zaune a can ɗakin baya na laburare da rula da tulin littattafai wanda masu karatu ba sa taɓa gani, to tambayarki ta faɗo gidana. Wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba. Amma kar ki ɗauka akwai wani babban ofishi a Turai da yake riƙe da sunan kowane littafi na duniya, babu shi, kuma an gwada yin hakan bai yiwu ba.

Wasu lauyoyi biyu 'yan Beljiyam, Paul Otlet da Henri La Fontaine, su suka gwada tun 1895 a Brussels. Burinsu shi ne su rubuta bayanin duk wani abu da ɗan Adam ya taɓa bugawa a kan 'yan katuna su jera a durowoyi a wuri ɗaya, kuma wallahi sun yi ƙoƙari dan katunan sun haura miliyan 12, har mutane na aiko musu da tambaya ta gidan waya su duba su aika da amsa. Sai dai kin san maɗaba'u ba sa jiran kowa, kafin ka gama rubuta na bana an bugo na baɗi, ga yaƙe-yaƙe, ga rashin kuɗi, daga ƙarshe abin ya tsaya. Darasin da ma'aikatan laburare suka ɗauka daga nan shi ne mutum ɗaya ko ƙasa ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba.

Shi ya sa a farkon shekarun 1970 ƙungiyar laburarukan duniya, IFLA, wadda aka kafa a 1927 kuma hedikwatarta ke birnin Hague na ƙasar Holan, ta juya tunanin. Maimakon a tara komai wuri ɗaya, kowace ƙasa ta ɗauki nauyin abin da aka buga a cikinta, ta rubuta bayaninsa sau ɗaya tak da kyau, da wuri, a kan ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, sauran ƙasashe kuma su kwafa kawai. Shirin ana kiransa UBC a taƙaice, wato Universal Bibliographic Control, an buɗe masa ofishi a Landan a 1974 ƙarƙashin wata mata mai suna Dorothy Anderson. Hujjar mai sauƙi ce. Wa ya fi sanin littafin da aka buga a Kano, ɗan Najeriya ko wani ma'aikaci a Washington da bai san bambancin Sabon Gari da sunan mutum ba? To me zai sa laburare ɗari a ƙasashe ɗari kowanne ya zauna yana wahalar rubuta bayanin littafi guda, kowa da irin kuskurensa?

A 1977 UNESCO da IFLA suka kira babban taro a Paris musamman a kan kundin jerin littattafan ƙasa. Abin da aka tsayar shi ne kowace ƙasa ta samu dokar da ta wajabta wa mai bugawa ya ajiye kwafi, ta samu hukuma guda da ke rubuta bayanan, ta riƙa fitar da jerin a kai a kai ba sai an tuna ba. Akwai wani sashe da ni kullum nake nuna wa ɗalibai dan ya shafe mu kai tsaye, an ce jerin ya ƙunshi duk harsuna da duk irin rubutun da ake bugawa da su a ƙasar. Kin ga kenan Hausar boko da ajami da Fulfulde da Kanuri duk suna da haƙƙin shiga, ba alfarma ba ce. An sake zama a Copenhagen a 1998 aka sabunta shawarwarin saboda lokacin abubuwa sun fara fitowa ta kwamfuta da intanet.

Yanzu ita ƙa'idar da ake ta faɗa, mecece. Kamar tiya ce a kasuwar Dawanau, in kowane mai awo ya zo da tasa tiyar to ciniki ya watse. Tun kafin UBC ɗin ma an fara daidaitawa, a 1961 wakilan ƙasashe fiye da 50 suka zauna a Paris suka amince a kan yadda za a riƙa zaɓar sunan da za a shigar da littafi a ƙarƙashinsa. Sai taron Copenhagen na 1969 ya haifar da ISBD, wanda ya fara fitowa a 1971, shi kuma yana cewa ga abubuwan da za a rubuta game da littafi, ga jerin da za su bi, ga alamar da za ta raba kowanne da ɗan'uwansa. In na ɗauki littafinki zan rubuta wani abu kamar haka:

Sunan littafi : ƙarin suna / sunan marubuciya. — Bugu na 2. — Kano : sunan maɗaba'a, 2023. — shafi 180 ; 21 cm.

Kar ki raina waɗannan ɗige-ɗigen. Duk abin da ya biyo bayan karkatacciyar sandar nan to sunan wanda ya rubuta ne, duk abin da ya biyo bayan ɗigo biyu a sashen bugawa to maɗaba'a ce. Saboda haka ni da ban iya karanta ko harafi ɗaya na Japananci ba, in aka ba ni bayanin littafin Japan zan nuna miki ga marubuci ga gari ga shekara, shi ma ɗan Japan haka zai yi da naki. Wancan 21 cm ɗin kuma tsayin littafin ne, da rula muke aunawa da gaske, in ya ɗan haura sai a cike zuwa santimita ta gaba.

Da kwamfuta ta shigo sai aka buƙaci hanyar da inji zai gane waɗannan sassa. Wata mata a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, Henriette Avram, wadda asalinta ma mai rubuta manhajar kwamfuta ce ba ma'aikaciyar laburare ba, ita ta jagoranci ƙirƙiro MARC a shekarun 1960. A nan kowane bayani yana da lambar gidansa, 100 marubuci, 245 sunan littafi, 300 yawan shafi da tsayi, 020 lambar ISBN, kuma akwai gurbin harshe inda Hausa take da alamarta hau. Duk wanda ya yi aikin katalog waɗannan lambobi sun zauna masa a ka fiye da lambar wayarsa. Sai dai nan ma ɗan Adam ya nuna halinsa, kowace ƙasa ta je ta ƙera nata MARC ɗin, Ingila da nata, Kanada da nata, Faransa da nata, har sai da IFLA ta fito da UNIMARC a 1977 dan ya zama gada a tsakani, Amurka da Kanada kuma suka haɗe nasu a 1999 ya zama MARC 21 wanda shi ne ya fi yaɗuwa yanzu. Dokokin katalog na masu Turancin Ingilishi su ma sun yi ta canja riga, AACR a 1967, bugu na biyu a 1978 wanda mu da yawa shi muka koya a makaranta, sai RDA da ya fito a 2010 manyan laburaruka suka koma kansa a 2013. Ba sai kin haddace wannan ba, na kawo ne dan ki ga abin ba dare ɗaya aka yi shi ba kuma har gobe ana gardama.

Inda abin ya fi daɗi kuma ya fi ciwon kai shi ne sunaye. Ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya rasu a 1817. Bature mai Ingilishi zai rubuta Usman dan Fodio, Bafaranshe ya rubuta Ousmane, mai bin Larabci ya rubuta Uthman ibn Fudi, ga kuma wanda zai rubuta da haruffan Larabcin kansu. In ba a ɗaure waɗannan duka a igiya ɗaya ba, ɗalibi zai nemi rubuce-rubucen Shehu ya samu kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi yana zaton ya gama. To aikin hukumar ƙasa ne ta tsayar da siga guda ga kowane marubucinta ta jera sauran a ƙarƙashi. A 2003 laburaren Amurka da na Jamus da ƙungiyar laburaruka ta OCLC suka fara wani rumbu mai suna VIAF da ke haɗa irin waɗannan fayilolin sunaye na ƙasashe daban-daban, Faransa ta shigo daga baya, wasu da dama suka biyo. Rumbun yana da kyau amma abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. In ƙasarku ba ta aika nata ba, to yadda baƙo ya ga dama ya rubuta sunanki shi zai zauna.

Kuma sunayenmu ba su dace da ƙwaryar da Turawa suka ƙera ba, su sun saba da sunan iyali a ƙarshe sai a juyo shi gaba. Mu kuwa na biyun sunan mahaifi ne, na ukun sau da yawa sunan gari ne ko unguwa, sai ka ga an shigar da mutum ƙarƙashin Funtuwa ko Gusau ko Yakasai kamar sunan zuri'arsa ne, wani wurin ma an ɗauki Alhaji ko Malam an mai da shi suna. Mata kuma abin ya fi rikicewa, littafin farko da sunan mahaifi, na biyu da sunan miji, na uku da laƙabi irin su Maman wane ko Anti wance, mai katalog da bai san ta ba zai mai da mace ɗaya mutum uku. Ga batun ƙugiya, tsofaffin bayanai da yawa an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ saboda injinan lokacin ba su da su, sai Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai ɗaya, ya zo ya sauƙaƙa, amma har yau Najeriya na rubuta 'y Nijar na rubuta ƴ, kuma in ba a saita manhaja da kyau ba nema ɗaya ba zai kawo duka biyun ba. Wannan ba abin da wani zai gyara mana daga waje ba ne.

To mu dawo kan kwafi ukun naki. Dokar ajiye kwafi tsohuwar aba ce, Faransa ta fara tun 1537 zamanin sarki François na ɗaya. Ita ce ƙafar da kundin ƙasa yake tsayawa a kai dan ba ka rubuta bayanin littafin da ba ka riƙe a hannu ba. Birtaniya ta fara nata kundin a 1950. A Najeriya ma a 1950 aka yi dokar ajiye kwafi, kuma laburaren jami'ar Ibadan ne ya fara fitar da jerin abin da ake bugawa a ƙasar, ya riƙe aikin har zuwa 1970. Laburaren Ƙasa an kafa shi a 1964, sai dokar soja mai lamba 29 ta 1970 ta ɗora masa wannan nauyi. Dokar ta ce mai bugawa ya kai kwafi 3 cikin wata ɗaya da fitowar littafi kuma da kuɗin aljihunsa, biyu a adana ɗaya a tura Ibadan, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya 25. Laburaren Ƙasa ne kuma yake ba da ISBN da ISSN, wato lambar mujallu da jaridu, a ƙasar. In kin duba bayan littattafan Najeriya za ki ga lambar na farawa da 978-978, ba kuskuren maɗaba'a ba ne, na farkon alamar cewa littafi ne tun da aka mai da lambar guda 13 a 2007, na biyun kuma lambar Najeriya ce, dacewa ce kawai aka yi.

Saboda haka a takarda muna da komai. A aikace fa? A nan ne zan faɗa miki abin da ke raina. Daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta yi ambaliyar littattafan hikaya, waɗanda ake wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, matasa maza da mata suna rubutawa suna bugawa da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa ana ba da haya a unguwanni. Mafi yawansu ba ISBN, da yawa ba shekara, wasu ko sunan maɗaba'a babu. Irin su in suka zo teburina sai in yi ta juya littafi ina neman alama, in duba tallan da ke bangon baya, in duba farashin da aka buga, in duba lambar waya ko ta tebur ce ko ta salula dan in ƙiyasta zamanin, daga ƙarshe in rubuta shekara da alamar tambaya a cikin baka. A tsohuwar ƙa'ida har gajerun kalmomin Latin muke sawa, s.l. in ba a san gari ba, s.n. in ba a san mai bugawa ba. Kuma waɗannan ma su ne masu sa'a da suka iso laburare. Jerin waɗannan littattafai mafi tsari da aka sani, wanda ya ɗauki 1987 zuwa 2002, Graham Furniss na makarantar SOAS ta Landan da Malami Buba da William Burgess ne suka haɗa, aka buga shi a Jamus a 2004. Allah ya saka musu, amma ki duba fa, abin da Kano ta rubuta sai an je Turai a ga jerinsa. Ainihin abin da UBC ta ce kar ya faru kenan.

Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Marubuci bai san da dokar ba, ko ya sani yana ganin asarar kwafi uku ce, hukuma ba ta da isassun ma'aikata da kuɗin da za ta bi kasuwa tana tarawa, kundin kan fito a makare, wasu masu maɗaba'a kuma suna da wata mummunar ɗabi'a ta manna lambar ISBN ɗaya a littattafai daban-daban ko su ƙirƙiro ta da ka dan bango ya yi kyau. Na sha cin karo da wannan, ka shigar da lamba kwamfuta ta ƙi karɓa saboda lambar ƙarshe lissafi ce da ake fitarwa daga sauran, ta bogi ba ta cika dacewa ba, ko kuma ta karɓa ta kawo maka wani littafin lissafin firamare alhali labarin soyayya ne a hannunka. Yanzu kuma rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, wanda in waya ta faɗa ruwa ko aka rufe shafi shi kenan. Nijar kuma nata salon daban ne, marubucin da ya buga a Paris littafinsa zai shiga kundin Faransa cikin sauƙi tunda ƙa'idar inda aka buga take bi, wanda ya buga a Maraɗi ko Damagaram shi ne abin ji.

Ba zan ce miki tsarin na duniya ba shi da aibu ba. Ƙasashe masu kuɗi ne suka zana shi a kan irin littattafansu da irin sunayensu. RDA sai an biya kuɗin rajista duk shekara da kuɗin waje kafin a yi amfani da cikakkensa a intanet, shiga babban rumbun bayanan littattafai na WorldCat a matsayin mamba shi ma kuɗi ne, laburaren da ke fama da kuɗin dizal ina zai samo. Ofishin UBC ɗin kansa an haɗe shi da na MARC, ya koma Frankfurt, aka rufe shi a 2003, duk da IFLA ta sake jaddada manufar a 2012. Amma duk da haka ni a ganina ƙa'ida ba ita ce matsalarmu ba. ISBD kyauta ake sauke shi, bayanin MARC 21 kyauta yake a intanet, manhajar Koha da laburaruka da yawa suke amfani da ita kyauta ce, ɗalibi mai ƙwazo zai koyi aikin. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne littafin ya iso hannu. Gara min bayani mai layi huɗu na kowane littafin da aka buga a Kano da Zariya da Sakkwato a kan cikakken bayani mai ƙyalli na littafi goma.

Batun Google kuma, Malama, Google ba ya zuwa kasuwa ya sayi littafinki. Bayanan littattafai da kike gani a can daga wurin masu bugawa da laburaruka suke fitowa, wato daga irin aikin da na gama bayyana miki. In babu wanda ya taɓa rubuta bayanin littafinki to babu abin da zai nuno, sai dai hoton bango da wani ya ɗora a Facebook ba shekara ba komai. Laburaren Majalisar Amurka yana da ofishi a Nairobi tun 1966 yana sayen littattafan Afirka, shi ya sa wani lokaci za ki ga littafin Hausa a katalog ɗinsu, amma abin da suka ci karo da shi suke ɗauka kuma dan buƙatarsu, ba za a dogara da wannan ba.

Shawarata, ki nemi ISBN ɗin daga Laburaren Ƙasa da kanki ko ta hannun mai bugawar da kika yarda da shi, kar ki karɓi wadda wani ya ciro daga aljihu, kuma ki sani kowane littafi da tasa, in littafin kashi-kashi ne ko kin yi sabon bugu mai gyara to sabuwar lamba ce. A bayan shafin suna ki sa cikakken sunanki yadda kike so a san ki da shi har abada, in kina da laƙabi ki haɗa su wuri ɗaya dan a san mutum ɗaya ce, ki sa gari, sunan maɗaba'a, shekara, da bugu na nawa ne. Ki tabbata ƙugiyoyin sunan littafin sun fito daidai a bango da ciki dan mu abin da muka gani a shafin suna muke kwafa, ko kuskure ne. Sannan ki kai kwafi ukun nan reshen Laburaren Ƙasa mafi kusa da ke, ki karɓi takardar shaida ki adana. In da hali ki ƙara kwafi ɗaya ki kai laburaren jami'ar da ke jiharku, ki ce a kai sashen katalog, kar ki bar shi a teburin mai gadi.